Rufin Majami'a da Kalmar Alfahari

Kafinta: Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Na daɗe a wannan zaure ina karatu ba na magana, amma abin da ya faru ranar Lahadi ya hana ni barci. Iska ta kwashe rufin majami'armu a farkon damina, ni da yaran shagona uku muka yi kwana 19 a kan tsani, muka sauya katakon da gara ta cinye, muka buga kwano, ban karɓi ko sisi na kuɗin aiki ba, har ƙusar da ta gaza daga aljihuna na cika ta. Ranar sujadar godiya magatakarda ya tashi ya karanta sunayen waɗanda suka ba da kuɗi, aka tsayar da wani babban mutum da ya zo daga birni aka yi masa tafi har sau biyu, aka ba shi kujera kusa da Fasto. Sunana bai fito ba, na yaran nan ma bai fito ba, alhali ɗayansu har yanzu hannunsa a ɗaure yake domin kwano ya yanke shi. Ina alfahari da aikin nan, kuma ba domin a tafa mini na yi shi ba. Abin da nake cewa shi ne ikilisiyoyinmu sun koma nuna bambanci tsakanin mai kuɗi da mai gumi, abin da Yakubu ya hana a sura 2, inda ya yi maganar mai zoben zinariya da ake kai wa wuri mai kyau, a ce wa matalauci ya tsaya can. Idan na yi kuskure a gyara mini.

Malamin Makarantar Lahadi: Sannu da aiki, ɗan'uwa, Ubangiji ya saka maka. Amma tun da ka ce a gyara maka, ni a kan kalma ɗaya na tsaya, wato da ka ce kana alfahari. Ka tuna Nebukadnezzar ma a kan rufi yake tafiya, rufin fadarsa a Babila, sa'ad da ya dubi birnin ya ce shi ya gina shi da ƙarfin ikonsa domin darajar sarautarsa, kuma Daniyel sura 4 ta ce maganar tana bakinsa murya ta zo daga sama, aka kore shi daga cikin mutane, ya ci ciyawa kamar sa. Mai bi ba ya alfahari da aikin hannunsa, yana godiya ne da aka ba shi hannun.

Shugabar Mawaƙa: Malam, da girmamawa, wannan kwatanci ya yi nauyi. Sarkin da ya ƙone Urushalima daban, kafintan da ya yi kwana 19 a rana kyauta daban. A Hausar da muke yi kullum, uwa takan ce wa ɗanta tana alfahari da shi idan ya ci jarrabawa, kuma babu wanda yake ce mata ta yi zunubi. Fahariya ce abin ƙi, da taƙama, da girman kai. Alfahari jin daɗi ne a kan abu mai kyau.

Malamin Makarantar Lahadi: 'Yar'uwa, alfahari da fahariya uwa ɗaya ta haife su, dukansu daga kalma ɗaya ta Larabci muka aro su. Don an yi wa ɗaya wanka an sa masa riga mai kyau, jininsa bai sauya ba.

Ɗalibin Tauhidi: Ku ba ni dama in sa baki, domin a wannan zangon muke nazarin wasiƙun Bulus. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar da Yakubu 4:6 da 1 Bitrus 5:5 suka yi amfani da ita ga waɗanda Allah yake gāba da su, tana nufin mai ɗaga kansa sama da sauran mutane, kuma ba ita ce kalmar da Bulus yake amfani da ita idan yana maganar fahariya ba. Wannan ta biyun Bulus yakan juya ta ta kowace fuska. A 2 Korantiyawa 7:4 ya ce yana yin ta sosai a kan mutanen Koranti, a sura 12 ya ce zai yi ta a kan rashin ƙarfinsa, a Galatiyawa 6:14 kuwa ya ce kada ya yi ta da kome sai da gicciyen Ubangijinmu. Har a Galatiyawa 6:4 ya ce kowa ya auna aikin kansa, sa'an nan zai sami abin fahariya game da kansa, ba ta gwada kansa da wani ba. Saboda haka ba a iya yanke wa mutum hukunci daga kalmar kaɗai, sai an dubi abin da ya jingina a kai. Sai dai kuma, don kada Baba Kafinta ya ɗauka na wanke shi tas, Agustin, wanda ya yi bishop a Hippo ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya rasu a shekara ta 430, ya koyar cewa sauran zunubai a cikin mugun aiki ake tsoronsu, amma girman kai har cikin kyakkyawan aiki yake laɓewa.

Dattijo Mai Ritaya: Ɗana, karatu ya yi kyau, amma mu da ba mu je Helas ba, Littafi Mai Tsarki na Hausa muka riƙe, wanda ya fito a 1932, wanda su Likita Mila, Baturen mishan, suka yi wahalar fassara shi a ƙasar Zazzau. Da shi iyayenmu suka koyi karatu a ajin baftisma, kuma ba su taɓa bukatar wani ya zo ya rarrabe musu fahariya mai kyau da marar kyau ba. Tun da aka fara sauya mana fassara ake samun irin wannan ruɗani.

Ɗalibin Tauhidi: Baba, fassarar 1979 ba ta sauya koyarwa ba, Hausar ce aka sauƙaƙa domin mutanen da ba a Kano ko Zariya aka haife su ba. Yawancin masu yin sujada da Hausa a yau, daga Filato zuwa kudancin Kaduna, zuwa Gombe da Adamawa, suna da harshensu na gida.

Dattijo Mai Ritaya: To, ga shi ka faɗa da bakinka. Waɗanda suka koyi Hausa a kasuwa su ne yau za su koya mana bambancin alfahari da fahariya.

Shugabar Mawaƙa: Baba, wannan magana ta taɓa mu da yawa a zauren nan, kuma idan ana neman misalin girman kai ba sai an tafi Babila ba. Ni ba Bahaushiya ba ce, amma da Hausa aka yi mini baftisma, da ita nake waƙa, da ita kuma nake addu'a idan dare ya yi mini tsawo.

Dattijo Mai Ritaya: Ni ban kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Mama ta Zumuntar Mata: Ku maza kuna ba ni mamaki. Kwana 19 ɗin nan da ake ta lissafawa, wa ya dafa abincin da aka ci? A kowace majami'a da na sani, idan ana gini mata ne suke ɗebo ruwa da yashi a ka, su ne suke tashi da asuba su hura wuta, su ne kuma suke share wurin idan an gama. Shekara 31 ke nan ina ɗaura zanen zumunta, ban taɓa jin an karanta sunan wadda ta wanke tukunya ba, kuma ba mu taɓa kawo ƙara ba. Matiyu sura 6 ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi, Uban da yake gani a ɓoye shi zai sāka. Ɗana Kafinta, da ka yi shiru da ladanka yana nan cikakke, yanzu kuwa ka zo ka karɓi rabinsa a waya.

Shugabar Mawaƙa: Mama, ki yi mini haƙuri, amma ina ganin shirun nan namu ba duka ne tawali'u ba. Wani kunya ce, wani kara ce, wani kuwa tsoron kada a ce mace ta cika baki. Kunya tarbiyya ce ta gida, wanda bai san Almasihu ba ma yana da ita. Na san matan da ba sa ɗaga ido a gaban dattawa, amma idan aka zaɓi wata ta riƙe asusun zumunta sai su yi wata uku ba sa gaishe ta. Mutum yana iya durƙusawa har ƙasa zuciyarsa tana tsaye ƙyam.

Mama ta Zumuntar Mata: 'Yata, idan da ni kike, ki fito fili. Maganar asusun nan an kashe ta tun bara a gaban matar Fasto, ban ga dalilin tono ta a gaban baƙi ba.

Ɗan'uwa daga Sabuwar Ikilisiya: Abin da nake gani shi ne ku na tsofaffin ikilisiyoyi kun mai da ƙasƙanci ibada. Matiyu 5:16 ta ce haskenku ya haskaka a gaban mutane, su ga kyawawan ayyukanku su ɗaukaka Ubanku na sama. Yaya za su gani idan an ɓoye? Nehemiya sura 3 sunayen magina ce daga farko har ƙarshe, har da maƙeran zinariya da masu haɗa turare, har da 'ya'ya mata na wani shugaba da suka yi gini tare da mahaifinsu. An rubuta sunan Barnaba da ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin. A wurinmu wanda ya yi aiki ana karrama shi, domin Romawa 13:7 ta ce a ba mai girma girmansa.

Malamin Makarantar Lahadi: Ka karanta Barnaba a ƙarshen Ayyukan Manzanni sura 4 ka rufe littafin da sauri. Ka buɗe sura 5 ka ga Hananiya da Safiratu, waɗanda suka so irin sunan da Barnaba ya samu ba tare da sun biya irin abin da ya biya ba, aka fitar da gawarsu a rana ɗaya, tsakaninsu kamar sa'a uku. Kuma mun ga irin karramawar da kuke yi, inda hoton shugaba da matarsa a allon ƙofar majami'a ya fi gicciye girma. Hirudus ma a Kaisariya tafi aka yi masa, ya karɓa bai ba Allah ɗaukaka ba, tsutsotsi suka cinye shi.

Ɗan'uwa daga Sabuwar Ikilisiya: Malam, aƙalla mu a fili muke yi. A wurinku fa, ba a kan wanda zai zauna a kujerar dattawa ake yin shekara ana gaba ba? Ubangijinmu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, ku kuwa idan aka manta aka kira Rabaran da Fasto kawai, sai an aika da wasiƙar ban haƙuri.

Dattijo Mai Ritaya: Yaro, tsarin ikilisiya ba girman kai ba ne. Kafin a haifi wanda ya kafa taku muna da kundin tsari.

Kafinta: Iyayena da 'yan'uwana, na ga saƙo fiye da arba'in, kuma na gode. Mama, gaskiyarki ce game da abinci, mun ci mun ƙoshi, kuma laifina ne da ban ambace ku ba, ga shi ni ma na yi abin da nake kuka a kai. Kalmar alfahari kuwa, idan ita ce ta ɓata, na janye ta, ku sa mini wadda kuka ga dama. Amma har yanzu babu wanda ya taɓa tambayata. Idan karanta sunaye laifi ne, don me aka karanta na masu kuɗi? Idan kuwa ba laifi ba ne, don me aka tsallake na masu gumi? Yesu ya zauna daura da wurin ajiyar baiko ya ga masu arziki suna zuba da yawa, amma gwauruwa mai tsaba biyu ya nuna wa almajiransa.

Malamin Makarantar Lahadi: Gwauruwar ba ta je ta ba da labari ba, Ubangiji ne ya ba da labarinta. Karin Magana 27:2 ta ce bari wani ya yabe ka, ba bakinka ba. Janye kalma kuma abu ne mai sauƙi, tun da an riga an ƙidaya mana kwanaki har da ƙusa.

Mai Kula da Zaure: Dare ya yi, zan rufe wannan magana, ga kuma abin da na fahimta a taƙaice. Galibin waɗanda suka yi magana sun yarda cewa alfahari bai dace da bakin mai bi ba, kuma ɗan'uwanmu da kansa ya amsa kuskurensa ya janye. Malam ya kafa hujja da nassi mai ƙarfi, Mama kuma ta ba mu misalin hidima ta ɓoye. Ɗalibinmu ya kawo bayani mai zurfi wanda a ƙarshe ya koma kan gargaɗin Agustin. Game da jerin sunaye, ni da na yi shekara 8 ina aikin magatakarda a tawa ikilisiya na san cewa abin da ya shiga littafin ma'aji shi ake karantawa, domin kuɗi ana ba da lissafinsa ga jama'a, ba wai don a fifita kowa ba, kuma aikin nan yana da wuya fiye da yadda masu zama a benci suke zato. Ina roƙon a daina jifan shugabanni a nan. Baƙonmu na sabuwar ikilisiya kuma ya kiyaye harshensa ga dattawa.

Shugabar Mawaƙa: Shugaba, na koma na ƙidaya, mutum biyu ne kawai suka ce alfahari laifi ne, kuma Baba da ya ce mun koyi Hausa a kasuwa ba a ce ya kiyaye nasa harshen ba. Littafin ma'aji ne kuma ya ce a yi tafi sau biyu a kawo kujera kusa da Fasto?

Mai Kula da Zaure: An rufe magana, 'yar'uwa. Daga yanzu masu kula ne kaɗai za su iya aiko da saƙo har zuwa bayan addu'ar safe.