Atina da Hajiya: dutsen Likabetus ko gidan kallon taurari?

Abban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san Atina ta Girka ku ba ni shawara. Wata mai zuwa ina da taro a can kuma zan tafi da Hajiyarmu da ta zo mana ziyara nan Jamus, toh ita gwiwa ke damunta, matakala in sun yi yawa sai ta kwana tana shafa man zafi, shi ya sa ma na cire Akropolis, tudun nan mai tsoffin gine-ginen tarihi, daga lissafi. Yamma ɗaya ce kawai nake da ita. In kai ta dutsen Likabetus ta hango gari, ko gidan kallon taurarin nan na unguwar Tisiyo? Tun muna yara take nuna mana Zara da kaza da 'ya'yanta a tsakar gida, ina so ta leƙa sama da na'ura ko sau ɗaya ne.

Ɗan Fagge: Haba malam, ka je Atina ba ka hau Akropolis ba, me za ka nuna wa mutane? Yuro 20 ne kacal, ka hau tun da sassafe.

Injiniya Soba: Ɗan Fagge farashinka ya tsufa, tun Afrilun 2025 ya koma Yuro 30, kuma tikitin haɗaka da ake shiga wurare da yawa da shi an soke shi. Sannan ai ya ce Hajiya ba ta iya hawa. Abban Hanifa, gidan taurarin na je, a 1842 aka kafa shi a kan wani ɗan tudu, kuma akwai tsohuwar na'urar hangen taurari ta Doridis ta 1902 da suke buɗe wa baƙi da dare. Amma sai ka kama wuri tun kafin ka je, ba kullum ake zagayen da Turanci ba, kuma in hadari ya rufe sama sai dai ku kalli tsoffin agogo da littattafai. Akwai 'yar hawa da ƙafa kafin ƙofa.

Maman Sultan: Ni dai ku bar zancen taurari, ku riƙe aljihunku. Wlh abin da aka yi min a jirgin ƙasa na metro tsakanin tashar Monastiraki da ta Sintagma har yau in na tuna raina ɓaci yake, muna shiga wasu matasa suka cunkushe bakin ƙofa kamar su ma sauri suke, ɗaya har da ce min sori, ashe an zuge jakata, fasfo da katin zama da kuɗin da na canza duk sun tafi, ni da na fito da niyyar ganin gidan tarihin kuɗaɗe na titin Panepistimiyu na ƙare da zaman benci ina cike takardu, yaro na kuka, maigida na ta kira yana tambayar me ya sa na fita da fasfo. Ko ƙofar gidan tarihin ban gani ba.

Ɗan Damagaram: Allah ya mayar da alheri Anti. An je ganin tsoffin kuɗi an rasa sababbi 😂

Maman Sultan: Ka yi dariyarka ƙanena, Allah ya kai ka.

Anti Bilki: Sannu Maman Sultan. Fasfo dai a bar shi a otal, a fita da hotonsa. Abban Hanifa ni Likabetus na hau, mita 277 ne, ya fi Akropolis tsawo, kana hango har teku. Akwai ɗan jirgin da ke jan mutane daga unguwar Kolonaki, na biya Yuro 10 zuwa da dawowa, sai dai cikin rami yake bi ba ka ganin komai sai kun fito.

Ɗan Fagge: 10 ina? 13 aka karɓa a hannuna.

Anti Bilki: Toh ƙila sun ga agogonka ne. Abin da ba a faɗa shi ne tashar jirgin kanta a saman unguwa take, in ba tasi kuka ɗauka ba matakalar za ta gama da Hajiya kafin ku isa. Kuma da faɗuwar rana wajen ɗan cocin da ke ƙoli cika yake, wurin zama ma wahala.

Malam Na-Birni: Abin mamaki ba wanda ya ambaci gidan tarihin Musulunci na Benaki da ke Keramikos, an buɗe shi 2004. Mai tarin kayan, Antonis Benakis, haifaffen Iskandariyya ne. Akwai falo guda da aka kwaso daben marmara ɗinsa daga wani gidan Alƙahira na ƙarni na 17, ga tangaran da rubuce-rubuce, ga usturlabin Ibn al-Sarraj na ƙarni na 14, wato ita ma na'urar lissafin taurari ce. Hajiya za ta fi jin daɗin wannan. A duba ranakun buɗewa kawai, ba kullum ba ne.

Na Omoniya: Duk ku 'yan yawon buɗe ido ne, mu da muke zaune a garin a tambaye mu. Ka kai ta cibiyar al'adu ta Stavros Niarchos a unguwar Kalliteya, shiga kyauta, akwai lif har sama, ga teku gefe guda ga Akropolis can nesa. Kar wani ya ja ku dutsen Areyopagos, santsi gare shi, masu lafiyar ƙafa ma faɗuwa suke.

Injiniya Soba: Yallaɓai mazaunin gari, gidan tarihi nawa ka taɓa shiga?

Na Omoniya: Aiki na zo yi ba kallon tukwane ba. Amma ni na san inda za ta yi salla, masallacin Votanikos da aka buɗe a 2020, kusa da tashar metro ta Eleyonas. Kai ka sani? Na Monastiraki da kuke ɗaukar hoto a gabansa, na 1759, ba a salla a ciki.

Abban Hanifa: Na gode ƙwarai. Amma hawan gidan taurarin nan, tasi na iya kaiwa bakin ƙofa ko kuwa?

Baban Zee: Ku kuna ta zaɓen dutse, mu bizar ma ta gagara. Wani ejen ya karɓi kuɗina ya ce Girka ta fi sauƙi a duk ƙasashen Turai masu bizar Shengen, ya haɗa min takardar kama ɗakin otal ta bogi, aka hana ni, yanzu lambarsa ba ta shiga.

Ɗan Fagge: Ai laifinka ne, waye ke ba ejen kuɗi gaba ɗaya?

Baban Zee: Surukin abokina ne fa, a gidan biki aka haɗa mu.

Maman Sultan: Irinsa ya yi wa ƙanwata, shi har fasfo ya riƙe. Baban Zee naka gajere ne mai sa tabarau?

Baban Zee: Dogo ne. Amma Anti ki min magana ta gefe, ƙila ofis ɗaya suke.