Ƙaramar hukuma za ta sayi manhajar taswira: lasisi nawa ya kamata a saya?

Ma'aikacin sashen ayyuka:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin taswirar kwamfuta, wato GIS. Ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin cikin birnin Sakkwato ta sa kuɗin manhajar taswira a kasafin bana, an kuma ce sashenmu ya rubuto abin da ake buƙata kafin a nemi 'yan kwangila. Aikin uku ne: sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, ƙidaya shaguna da rumfunan kasuwa saboda haraji, da sanin inda kwalbatoci da magudanan ruwa suka toshe kafin damina. Ma'aikata 25 aka rubuto daga sashen ayyuka, da na kuɗin shiga, da na lafiya. Takardar da ta fara zuwa teburinmu cewa ta yi a saya wa kowa lasisin manhajar taswira ta ArcGIS iri ɗaya, guda 25. Daidai ne? Sau ɗaya ake biya ko duk shekara? Me kuma za mu rubuta don kada a kawo abin da zai mutu bayan wata 12?

Malamin GIS:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku ƙidaya kawuna, ku ƙidaya hannayen da za su taɓa taswirar. Ɗauki sunayen nan 25, gaban kowane suna ka rubuta abin da zai yi: zana taswira a ofis, shiga unguwa da waya yana ɗaukar bayani, ko kallo kawai. A irin aikin da ka faɗa, masu zama su zana ba su wuce biyu ko uku ba. Masu shiga lungu za su kai takwas zuwa goma. Saura daraktoci ne da ciyaman, su kuwa gani kawai suke so.

Kamfanin Esri, mai ArcGIS, shi ma haka yake sayar da lasisin, hawa-hawa. Viewer na mai kallo ne, shi ne mafi araha. Mobile Worker na mai fita fili ne, yana buɗe masa manhajojin ɗaukar bayani na Field Maps da Survey123 a waya. Creator na mai zana taswira ne, yana zuwa da matakin farko na ArcGIS Pro, manhajar da ake zanawa da ita a kwamfuta, sai Professional da Professional Plus a samansa. In lallai ArcGIS za ku saya, Creator biyu, Mobile Worker takwas, Viewer biyar sun ishe ku shekarar farko. Mutum goman da suka rage a buga masu taswira a takarda ko a tura masu PDF. Ƙara lasisi daga baya ba wuya. Mayar da wanda aka saya aka rasa mai amfani da shi ne ba ya yiwuwa.

Waɗannan lasisin haya ne, duk shekara ake sabuntawa, kuma kowane ɗaya da sunan mutum ɗaya yake. Sharaɗin bai yarda mutum uku su riƙa karɓa-karɓa da kalmar sirri ɗaya ba, amma in an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, mai kula da asusun yana iya cire lasisin ya ba wani.

Abin da ke kayar da ofisoshi da yawa shi ne kiredit. ArcGIS Online, wato ɓangaren ArcGIS da ke intanet, yana cin kiredit kamar yadda waya ke cin kati. Ajiye bayanan taswira yana cin kiredit 2.4 a wata kan kowane megabait 10, ke nan megabait 500 kiredit 120 ne a wata, 1,440 a shekara, alhali Creator ɗaya da 500 yake zuwa. Mai da adireshi ya zama ɗigo a taswira yana cin 40 kan kowane adireshi 1,000. Wani ya loda sunayen shaguna 20,000 ya danna sau ɗaya, kiredit 800 sun tafi, kuma aikin banza ne, don manhajar ba ta san "bayan tsohuwar kasuwa, kusa da mai shayi" ba. Tun ranar farko a ƙayyade wa kowane ma'aikaci kiredit ɗinsa a cikin saitin asusun.

In ɗan kwangila ya rubuto tsohuwar manhajar Esri, wato ArcMap ko ArcGIS Desktop 10.8, ku mayar masa da takardarsa. Esri ta sa Maris 2026 a matsayin lokacin ritayar ArcMap. Wanda kuma ya ce zai zuba maku a kwamfuta 25 daga filashi ɗaya kan kuɗi kaɗan, kwafin sata ne.

Mai harkar QGIS:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni ban ga dalilin fara sayen lasisi ba. Ayyukan nan uku babu wanda QGIS, wata manhajar taswira daban, ba zai yi ba, kuma kyauta yake bisa halal, lasisinsa na GPL ya yarda a zuba shi a kwamfuta ko nawa ne. Ku sauke wanda aka rubuta wa LTR, shi ne wanda ake daɗewa ana gyarawa ba tare da canza masa fasali ba. Na fili kuma QField a wayar Android, yana aiki ko babu intanet. A tsara fom a QGIS, a tura waya da QFieldSync, ƙarin da ke haɗa QGIS da QField, da yamma a dawo a juye ta kebul. In tambayoyi kawai ake cikewa da hoto da ɗigon wuri, manhajar cike fom ta KoboToolbox ma ta isa.

Dalilina kuɗi ne. Farashin Esri da dala aka gina shi. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Duk ofishin da ya sa hannu kan haya kafin wannan, kuɗin sabuntawarsa ya ninka fiye da sau uku. Ranar da kuka kasa biya asusun zai rufe, bayanan da ma'aikata suka sha rana suka tara suna ciki.

Kyauta ba ta nufin babu kashe kuɗi. Kuɗin lasisin ku karkatar da shi nan: kwamfuta biyu masu RAM gigabait 16 aƙalla da SSD, wayoyi takwas masu batir mai ƙarfi da fawa-banki kowace, infata da sola na ɗakin taswira, faifan ajiya na waje guda biyu, da horo. Ko ArcGIS Pro ɗin kuka zaɓa wannan kashin yana nan, har ya fi, don a Windows kawai yake aiki, kuma RAM gigabait 32 da katin hoto na daban ake ba da shawara. Tsofaffin kwamfutocin sakatariya ba za su ɗauka ba. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Ɗakin da babu iska, kwamfuta rage gudu take yi da kanta don kada ta ƙone.

Wajen ajiye fayil, ku guji tsohon nau'in fayil ɗin taswira da ake kira shapefile. Yana yanke sunan kowane shafin bayani zuwa harafi goma, kuma in ba a saita shi kan tsarin haruffa na UTF-8 ba, haruffanmu masu lanƙwasa lalacewa suke yi, sai ka ga Ƙofar Marke ta fito da alamar tambaya a madadin harafin farko. Aikin sa wa tituna suna kuwa duk a kan rubutun yake. Ku yi amfani da nau'in fayil na GeoPackage. Sai dai shi ma kada mutum biyu su riƙa gyara fayil ɗaya a lokaci guda ta hanyar sadarwar ofis, yana iya lalacewa. In masu gyara sun kai uku, a kafa PostGIS, wato rumbun ajiyar bayanan taswira, a kwamfuta ɗaya kowa ya riƙa shiga can.

Malamin GIS:

Ban musa ba, ɗan'uwa, QGIS zai yi aikin. Inda nake tsoro shi ne PostGIS. Yana son mutum ɗaya da ya iya kula da shi, in aka ɗauke shi zuwa wata ƙaramar hukuma, ɗakin ya mutu. Wanda ya biya Esri yana da wanda zai kira. Wanda ya ɗauki QGIS dole ya horar da mutum biyu, ba ɗaya ba.

Safiyo:

Ranka ya daɗe, duk manhajar da kunka zaɓa, ga abin da zai ɓata aikin in ba a kula ba. Tsofaffin taswirorin awo da takardun fuloti na ƙasar nan bisa ma'aunin Minna anka yi su, GPS na waya da hotunan tauraron ɗan Adam kuwa bisa ma'aunin duniya na WGS 84 suke. In anka ɗora ɗaya bisa ɗaya ba a gaya wa manhaja ba, nan Sakkwato za ku ga komai ya goce da mita 80 zuwa 100. Kwalbati ya koma cikin ɗakin mutum, shagon wanga ya hau lambar wancan. Birnin yana wajen digiri 13 arewa da digiri 5 da kwata gabas, don haka cikin yanki na 31 na UTM yake, tsarin awo da ya raba duniya yanki-yanki. Ku rubuta cikin takardar kwangila cewa duk bayanin da za a miƙa ya zo da EPSG:32631, lambar ma'aunin WGS 84 na yanki na 31. Tsohon aikin da anka yi da Minna galibi EPSG:26331 ne ko 26391, a tambayi wanda ya ba da shi, kada a yi ƙiyasi. Wanda zai kwafi wanga tsari a Isa ko Sabon Birni ya lura, su sun ƙetare digiri 6, suna cikin yanki na 32.

GPS na waya yana kuskuren mita 3 zuwa 5, cikin lungunan tsohon gari wajen Kanwuri har ya fi haka saboda katanga. Ya isa a nuna ƙofar gida ko bakin kwalbati. Bai isa rumfunan kasuwa ba, tunda rumfa ɗaya ba ta kai faɗin kuskuren ba. Nan sai a zana layukan kasuwar daga hoto mai kyau, a bi layi-layi ana ba da lamba da fenti, lambar ita za ta haɗa rumfa da rajistar haraji. Hoton tauraron ɗan Adam na Sentinel-2 na kyauta ba zai yi wanga aiki ba, kowane ɗigonsa mita 10 ne. In za a tayar da jirgi maras matuƙi, a tabbatar mai aikin yana da izinin hukumar kula da jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Kada kuma ku biya kuɗin abin da ke akwai. Cibiyar bayanan taswira ta GRID3 tana ba da iyakokin mazaɓu, da matsugunai, da asibitoci, da makarantu kyauta, OpenStreetMap yana da tituna, Google Open Buildings yana da zanen gine-gine. Duk suna son a bi su da ƙafa a gyara, amma sun rage rabin wahala.

Ku san iyakarku. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma sa wa tituna suna, da lambar gidaje, da kasuwanni, da tashoshin mota. Filin cikin birni kuwa dokar filaye ta 1978 hannun gwamna ta sa shi. Taswirarku ba shaidar mallaka ba ce, ku rubuta haka a ƙasan kowace wadda kunka buga, don wata rana wani zai kai ta kotu kan rigimar iyaka. Awon iyaka sai safiyon da hukumar safiyoyi ta ƙasa, SURCON, ta yi wa rajista. Kafin ku fara, ku je ma'aikatar filaye ta jiha ku ji ma'aunin da suke aiki da shi, don aikinku ya hau nasu.

Jami'ar sayayya:

Malam, ni ɓangaren takarda zan taɓa. Kada ku haɗa komai a layi ɗaya ku ce "samar da GIS". Ku raba: lasisi, na'urori, horo, tattara bayani, kowane da farashinsa, a nuna harajin VAT na kashi 7.5 daban. Ta haka ne za a gane inda aka cusa riba.

A lasisi, a rubuta sunan kowane mataki da adadinsa, da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ranar farawa ta zama bayan kwamfutoci sun iso, ba ranar sa hannu ba, in ba haka ba wata huɗu za su tafi ana jiran kaya lasisi yana ƙonewa. A nemi takardar da ke nuna mai sayarwar dillali ne da Esri ta amince da shi, a kuma nemi farashin shekara ta biyu da ta uku a rubuce, a sa su a kasafin yau da kullum na baɗi tun yanzu.

Mafi muhimmanci, asusun ya kasance da sunan ƙaramar hukuma da imel na ofis, ba na ɗan kwangila ba, ba na wani ma'aikaci ba. Masu kula da shi su zama biyu. A riƙe wani kaso na kuɗin har sai ma'aikatanku sun tattara bayanin mazaɓa ɗaya sun buga taswirarta da hannunsu, mai horarwa yana gefe bai taɓa ba. Rajistar masu shaguna tana ɗauke da sunaye da lambobin waya, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ta, don haka kada a buɗe wannan shafin ga kowa a intanet.

Ma'aikacin sashen ayyuka:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da malamai. Abin da na fahimta zan rubuta: mu fara da mazaɓa ɗaya da QGIS da QField, kwamfuta biyu, waya takwas, a horar da mutum biyu na ofis. Amma in shugabanni suka dage sai ArcGIS, yaya ake yi ranar da babu intanet?

Malamin GIS:

ArcGIS Pro yana da saitin ɗauke lasisi ya zauna a kwamfutar, ya yi aiki ba intanet. Sai dai lasisin ya maƙale a wannan kwamfutar ke nan. In ta lalace ko aka goge ta kafin a mayar da shi, sai an nemi taimakon dillali, don haka a mayar kafin a kai ta gyara. A Field Maps kuma, a sauke yankin da za a shiga tun da safe a ofis, a yi aiki ba data, da yamma kowa ya tura nasa kafin ya tafi gida. Wayar da ta ɓace da aikin kwana uku a cikinta, aikin ya tafi da ita. Kowane ƙarshen wata a fitar da kwafin komai zuwa File Geodatabase, nau'in fayil na Esri, ko GeoPackage, duka biyun QGIS yana buɗe su. Faifai ɗaya ya zauna a ɗakin taswira, ɗaya a ofishin ma'aji.