Tankar mai in ta faɗi: me zan faɗa wa yaranmu?

Malamin firamare, yankin Ringim:

Assalamu alaikum. Ƙauyenmu a bakin kwalta yake, tankokin mai kullum ta ƙofar makarantarmu suke wucewa zuwa Haɗeja da Nguru. Makon jiya wata ƙaramar mota mai ɗauke da jarkokin 'yan bumburutu ta fashe taya ta kife a gefen gona. Kafin in fito daga aji, yarana shida na aji biyar sun riga ni can, ɗaya har da robar abincinsa. Allah ya kiyaye wuta ba ta tashi ba, amma ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali, yaran nan sun san Majiya. Ba mu da nisa da Taura, ƙaramar hukumar da Majiya take ciki. Daren 15 ga Oktoban 2024 tanka ta taso daga Kano ta kife, mai ya malala cikin kwata, mutane suka fito ɗiba, wuta ta kama. Washegari aka yi jana'izar sama da mutum 100 a kabari ɗaya, daga baya adadin ya haura 200. Da idona na ga waɗanda aka kawo asibitin Ringim. Amma da na tambayi yaran, sai ɗayansu ya ce, "Malam, ai babu mai shan sigari a wurin." Na rasa amsar da zan ba shi, don ni ma ban san takamaimai me ke kunna wutar ba. Masu sani, don Allah ku ba ni abin da yaro ɗan shekara 11 zai gane.

Tsohon direban tanka, Wudil:

Wa'alaikumus salam. Malam, shekara 22 na yi ina jan tanka, bari in faɗa maka abin da maigidana ya koya min tun ina yaron mota. Ba ruwan man da kake gani ne ke fara kamawa ba, tiririnsa ne. Tiririn fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa yake bi, ya kwanta a kwata da rami da gangare, ya yi tafiya mai nisa ba ka ganinsa. Duk inda hancinka ya ji warin fetur sosai, to kana tsaye cikinsa ne. Abin da zai kunna shi kuwa bai taka kara ya karya ba: bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ɗan acaɓa ya tayar da babur, salansa mai zafi, wani ya taɓa kan batirin motar. Kai, murhun mai shayi da ke can nesa ma ya isa, wutar sai ta biyo tiririn ta dawo har gindin tankar.

Ka tuna Dikko a jihar Neja, watan Janairun 2025, wata uku kacal bayan Majiya. An kawo janareta za a juye man zuwa wata tankar, ga jama'a sun kewaye da jarkoki. Sama da mutum 80 suka tafi. A Morogoro ta Tanzaniya ma, 2019, haka aka yi. Manya kuwa sun san Jesse ta jihar Delta, 1998, bututu ne ya fashe, aka rasa sama da mutum 1,000. Ko'ina labarin ɗaya ne: faɗuwar motar ko fashewar bututun ba ta kashe kowa ba, ko ta kashe kaɗan, taron da ya biyo baya shi wuta ta cinye.

Ka ce wa yaran su gudu ɓangaren da iska ke tahowa, su nufi tudu, kada su bi kwari. Kuma "nesa" ba tsallaken titi ba ne. Masu aikin kashe gobara, in tanka ta kama, mita 800 suke korar mutane ta kowace fuska. Da yawan waɗanda suka ƙone a irin wannan ba ɗiba suka je ba, kallo ne ya kai su, wasu kuma ƙaninsu suka je kira.

Ɗan acaɓa, Gujungu:

Baba direba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Sai dai a riƙa faɗin ɗaya ɓangaren. Lokacin Majiya litar mai ta haura naira 1,000. Mutumin da ya wuni bai samu na cefane ba ya ga galan guda a kwata, kuɗin kwanon masara yake gani. Ba na kare kowa, abokin sana'ata na cikin waɗanda suka rasu, har yau ba na iya bi ta ƙofar gidansu. Amma kullum talaka ake yi wa faɗa. Motocin da ba su da birki fa? Direban da ya kwana biyu bai runtsa ba fa? An hana tanka mai lita 60,000 ɗaukar mai tun Maris 2025, madalla, to mai lita 45,000 in ta kife ruwan sanyi take zubarwa?

Ma'aikaciyar lafiya, Bagwai:

Ƙanina na Gujungu, Allah ya jiƙan abokinka. Malam, ni ta ɓangaren aikina zan ƙara. Wanda wuta ta kama wa riga kada ya gudu, gudu hura ta yake. Ya faɗi ƙasa ya yi ta birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Sannan a zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a kan ƙunar har tsawon minti 20. Kada a fasa ƙwai, kada a shafa man goge baki ko manja ko baƙin mai ko toka. Wallahi sai mun kankare su kafin mu fara aiki, mai ciwon yana ihu. Tufar da ta manne da fata a bar ta, zobe da agogo a cire kafin hannu ya kumbura, a rufe da tsabtataccen zane a nufi asibiti.

Mu nan namu na ruwa ne. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwale ya taso daga Badau zai tsallako dam ɗin Watari, cike da ɗaliban Islamiyya za su Mauludi, lodi ya fi ƙarfinsa ya nutse. Aƙalla mutum 29, yawancinsu yara. Kowa a garin nan ya san ana cika jirgi fiye da kima tun kafin ranar, amma wa zai ce wa wani sauka? Shi ya sa nake ganin maganar ba ta yara kaɗai ba ce. In babba ya ruga da jarka, yaro ba zai tsaya tuna darasin aji ba.

Malamin firamare, yankin Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba direba, yau da safe na yi musu bayanin tiririn. Na tsayar da su a ƙofar aji na ce su nuna min inda iska ke tahowa, muka taka har gindin tsamiyar bayan makabarta muna ƙirga taku, don su san iya inda nake so su kai. Wanda ya yi min maganar sigari shi ya tambaya ko fitilar babur ɗin babansa ma za ta iya kunnawa. Hajiya, maganarki ta zauna min: da la'asar na je wajen mai unguwa, ya ce zai yi wa liman magana a sa a huɗubar Juma'a, kuma zai tara 'yan acaɓan tasha. Baba, in Wudil ba ta yi maka nisa ba, za ka iya zuwa ka faɗa musu da bakinka? Kuɗin motar a kaina.