Golf 1.8T na sarƙewa idan turbo ya cika bayan canjin fulogi, gyaf nawa ya dace?

Mai_Golf4:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana inji ku taimaka min. Ina da Golf 4 mai injin 1.8T, an sake mata lissafin kwamfuta an ɗaga bus ɗin turbo, wato matsin iskar da yake turawa injin, zuwa wajen 1.2 bar, na kuma sa salansa mai faɗi. Da farko da fulogin da ta zo da shi nake tafiya wato PFR6Q, sai wani abokina yace tunda na ƙara ƙarfi dole in koma mai sanyi, sai na sayi BKR7E-11 guda huɗu na ɗaura yadda suka fito daga kwali ban taɓa komai ba. To a silo lafiya lau, tafiyar hankali ma babu matsala, amma da zarar na taka totur har ƙasa a giya ta uku allura ta kai wajen 4000 sai ta fara tu-tu-tu tana fizga kamar ana riƙe ta ta baya, wutar cek injin na ƙiftawa, ina ɗaga ƙafa kuma sai ta dawo daidai. Na sa sikana ta nuna kod P0300 da P0302, wato mai baya ƙonewa daidai, musamman a silinda ta 2. Shin kwayil mai ba fulogi wuta ne ya mutu ko lamba 7 ɗin da ke cikin BKR7E, wato matakin sanyin fulogin, ce bata dace da motar ba? Wallahi abin ya dame ni don bana so in lalata injin.

Tsohon_Bakanike:
Wa alaikumussalam. Ɗana, amsarka na rubuce a jikin kwalin da ka saya. Wancan 11 ɗin na ƙarshe ba ado bane, yana nufin gyaf, wato tazarar bakin fulogin, 1.1mm ne tun daga kamfani, wannan kuma yawanci na motocin da basu da turbo ne. Injinka ko ba a taɓa shi ba 0.8mm yake so, kai kuma ka ƙara masa bus sannan ka buɗe masa baki, ai dole ya yi maka gardama.

Ga yadda abin yake. Wutar fulogi tsallake take yi daga tsinken tsakiya zuwa ƙugiyar nan ta gefe, iskar dake tsakaninsu ita ce katangar da zata keta. Duk yadda aka danne iska ta yi yawa a silinda, haka katangar ke ƙara kauri, kwayil na buƙatar ƙarin boltej kafin wuta ta haye. A silo matsin kaɗan ne shi yasa baka jin komai, amma lokacin da turbo ya cika a 4000 ɗin nan matsin ya kai maƙura, kwayil ya yi iya yinsa wuta ta kasa hayewa, ko ta nemi hanya mafi sauƙi ta bi ta jikin roba ta sauka a ƙarfe. Ka ciro kwayil na silinda ta 2 ka duba farin tangaran ɗin fulogin da cikin robar, in ka ga wani siririn baƙin layi kamar an ja da fensir to ta nan wuta ke gudu, wannan fulogin da robar duk sun tashi aiki.

Ka saukar da gyaf zuwa 0.7mm, wato 0.028 a inci, a nan mafi yawan masu 1.8T da aka ɗaga wa bus suke zama. Kuma ka daina taka ta haka kafin ka gyara, man da bai ƙone ba salansa yake tafiya, in kana da katalis, wato mai tace hayaƙi a salansa, zai dafa shi.

Turbo_Zalla:
Baba ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara. Kar ka danne waɗannan na 1.1 ɗin har zuwa 0.7, tafiyar 0.4mm ta yi yawa, NGK masu ƙera fulogin da kansu basa son a motsa ƙugiyar fiye da wajen 0.2mm. In ka matsa da yawa ƙugiyar zata karkace bata fuskantar tsinken a miƙe, ga shi ka raunana gindinta inda aka yi walda, kuma ƙugiya ta karye a cikin silinda ba ƙaramin tashin hankali bane ga fistin da turbo. Ka nemi BKR7E marar 11 a ƙarshe ka rage shi kaɗan.

Wajen aunawa ka yi amfani da fila gej, wato siraran ƙarafan nan na auna tazara, ka bar wannan mai kama da kwabo da ake zurawa ana murɗawa. Ƙugiyar kawai ake lanƙwasawa, a hankali, ka auna ka sake aunawa har sai gej ɗin na shiga da ɗan ja kaɗan. Ni na taɓa ganin fulogi mai bakin iridiyom da aka yi wa ƙarfi da irin kwabon nan, tsinken nasa 0.6mm ne kacal, ya ɓalle ko ƙara ba a ji ba sai da aka ɗaga shi a haske aka ga babu kan.

Mai_Golf4:
Na gode sosai Baba, na gode Oga Turbo. To lamba 7 ɗin fa, in barta ko in koma 6? Kuma tunda ƙaramin gyaf ne ke maganin abin me zai hana in kai shi 0.5 in huta gaba ɗaya?

Tsohon_Bakanike:
A'a kar ka yi haka. Gyaf in ya matse da yawa wutar ƙarama ce, bata kama man da kyau, sai silo ya fara rawa, tashin safe ya yi wuya, mai ya ƙaru. Abin da ake nema shine mafi faɗin gyaf da motar zata ɗauka ba tare da ta sarƙe ba. Fara da 0.7, in har yanzu tana yi ka sauka 0.65, in ka kai 0.6 bata daina ba to ba fulogi bane, ka koma kan kwayil. Gwajin kwayil ma mai sauƙi ne, ka musanya na 2 da na 3 ka goge kod, in ya koma P0303 ka kama ɓarawon.

Lamba 7 ta yi maka daidai. Mutane na ɗauka mai sanyi wutarsa ce ke da rauni, ba haka bane, maganar yadda bakin fulogin ke zubar da zafi zuwa kan injin ne. Ana so bakin ya wuce wajen 450°C don ya ƙone baƙin da ke taruwa a kansa, amma kar ya haura wajen 800°C, don daga nan shi kansa zai zama garwashi ya kunna mai tun wuta bata zo ba, wannan shi ke huda fistin. Ƙa'idar da ake bi ita ce mataki ɗaya zuwa sanyi a duk ƙarin doki 75 zuwa 100. Da kuskure ta ɓangaren zafi gara ta ɓangaren sanyi, mai sanyi iyakaci ya yi baƙi ka canza shi. Amma kar ka tsallaka 8 da wannan bus ɗin, zai dinga toshewa a tafiyar cikin gari. A kula kuma, a NGK da Denso babbar lamba ce mai sanyi, a Bosch da Champion akasin haka ne, na ga waɗanda wannan ya rikita.

Wajen ɗaurawa injin ya huce tukuna, kan injin aluminiyom ne. Fara murɗawa da hannu har ya zauna, sannan tok renci 25 zuwa 30Nm, kar ka shafa komai a zaren.

Mai_Golf4:
Alhamdulillah na dawo da labari. Na samu marasa 11 ɗin na saita su 0.7 duka huɗu, kuma Baba wallahi layin fensir ɗin nan na gan shi a tangaran na silinda ta 2, siriri daga sama har ƙasa, sai na canza kwayil ɗin ma. Na taka ta a giya ta uku har 6000 sau uku ko tari bata yi ba, kod bai dawo ba. Allah ya saka muku da alheri. Bayan kilomita nawa ya kamata in sake ciro su in duba gyaf ɗin?

Turbo_Zalla:
Masha Allah. Irin BKR7E bakinsa nikel ne, yana cinyewa da wuri a mota mai bus kuma gyaf na buɗewa da kansa, ni duk canjin baƙin mai nake ciro nawa in auna. Ka riƙa duba tangaran ɗin ciki ma, ruwan ƙasa-ƙasa shine lafiya, in ka ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar an barbaɗa masoro ka koma wajen wanda ya yi maka lissafin kwamfuta ya rage taimin, wato lokacin tashin wuta, kafin ka sake taka ta.