Annealing: gashi ne, ɗumame ne, ko horo?

Malamai, ina shirya wa ɗalibaina darasi da Hausa, sai kalmar annealing ta tsaya mini a wuya. Ga aikin da take nufi, ku taya ni zaɓe.

A narkar da polima (abu mai dogayen sarƙoƙin ƙwayoyi, dangin roba) irin PVA (polyvinyl alcohol) a ruwa, a zuba gishirin azurfa, a shimfiɗa a kan gilas ya bushe. Zai fito garau kamar farar leda. A sa shi a tanda da zafin da ya ɗan haura digiri 100 a ma'aunin Celsius, a bar shi ya huce a hankali. Ka ɗaga shi wajen taga, ya koma rawaya! Ba a ƙara masa komai ba.

Abin da ya faru yana ciki. PVA yana fara sakin jiki a kusan digiri 85, sarƙoƙinsa su sami damar motsi. Azurfar da ke narke ta koma ƙarfe, ta dunƙule ƙwaya-ƙwaya, kowace 'yan nanomita kaɗan (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kamar riɗi a cikin kantu. Su ne ke shanye shuɗin haske, shi ya sa ido ke ganin rawaya. Idan aka daɗe, ƙananan sai su riƙa zagwanyewa, manyan na ƙara ƙiba da su. Masanin sinadarai Wilhelm Ostwald ya bayyana wannan tun 1896.

Na fara rubuta "gashi", na soke. Mai gashi yana neman abu ya nuna ne, kuma babu hucewa a cikin kalmar, alhali hucewar rabin aikin ce. "Ɗumame" kuwa na tuwon jiya ne: a mayar masa da zafi, ya zauna yadda yake. "Ƙonawa" ma kada a kawo ta, polima in ya ƙone aiki ya lalace.

Zuciyata ta kwanta da "horon zafi". Wanda aka hora shi ne dai, jikinsa bai sake ba, halinsa ne ya sake, kuma horo sai da lokaci da ƙa'ida. Haka wannan: digiri nawa, minti nawa, a huce da wane sauri. Na guji "horon wuta" don harshen wuta ba ya taɓa shi.

Tana kuma juyuwa a baki: an hora shi, horarren polima, ya sha horo na awa 2. Maƙeran da ke nan, me kuke cewa idan kun bar ƙarfen da ya yi jawur ya huce cikin toka don ya yi laushi?