Shin sanyin hunturu ne yake sa motata shan mai?

Mazaunin Samaru:
Assalamu alaikum. Tun da hunturu ya kankama a watan Disamba, man da yake kai ni mako guda tsakanin Samaru da Kongo a nan Zariya da ƙyar yake kai kwana shida yanzu. Kullum da safe nakan tayar da motar in bar ta a tsaye kamar minti 15 domin ta yi ɗumi kafin in kai yara makaranta. Tun bayan cire tallafin mai a 2023 kowace lita ina jin ta a jikina, shi ya sa nake neman shawararku.

Bakanike daga Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Sanyi yana da hannu, domin inji ba ya ƙona mai yadda ya kamata sai zafinsa ya kai kusan digiri 90, kuma kafin nan motar tana ƙara masa fetur, ga baƙin mai ya yi kauri. Amma waɗannan mintuna 15 su ne babban abin da ke cinye maka mai, saboda mota ta fi saurin yin ɗumi idan tana tafiya. Minti ɗaya ya isa, sai ka ja ta a hankali. Sannan ka sa a duba ko an cire mata tamostat, wato na'urar da ke tare ruwan lagireto har sai inji ya yi zafi. Abokan sana'armu da yawa suna cire shi don gudun zafin bazara, abin da ni ban taɓa yarda da shi ba, domin ruwan lagireto zai riƙa zagayawa tun inji yana sanyi, har ka isa Kongo bai yi zafin da ake buƙata ba.

Malama daga Tudun Wada:
Alhaji, ka biya wurin mai faci ya auna tayoyinka da sassafe, domin iskar taya tana raguwa idan gari ya yi sanyi, kuma taya mai laushi tana jan mai.

Injiniya daga Wusasa:
Hukumar makamashi ta Amurka ta ce a digiri 7 ƙasa da sifili mota tana rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na nisan da litarta ke kaiwa a cikin gari. Sanyin Zariya bai kai kusa da haka ba, don haka maganar oga bakanike ce abar dubawa. Idan motarka mai kafireto ce, ka ƙara da kakkaɓe ƙurar da hazo ya tara a matatar iska.

Mazaunin Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lallai an cire tamostat ɗin a bazarar bara, kuma ranar Asabar in Allah ya yarda zan sa a mayar da shi.