Wai da gaske ƙasar da muke takawa motsi take?

Ɗan Adar:
Salam ƴan uwa. Ina shirin bak a nan Tawa, jiya mushen SVT (kimiyyar rayuwa da ƙasa) ya ce muna manto da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa juyawa yake kamar talge a tukunya, wai shi ke raba nahiyoyi har dutse ya yi aman wuta. To in haka ne mi ya sa mu nan ba mu taɓa ganin wuta ta hito ba? kuma ruwa ne a ciki ko mi?

Malama Yamai:
Wa alaikassalam ƙanena. Don Allah kar ka rubuta ruwa ran jarabawa, nan yara da yawa ke faɗuwa kuma abin na ci min rai. Manto dutse ne daskararre, yana nutsawa har wajen kilomita 2,900, sai dai tsananin zafi ya sa yana jan jiki a hankali, santimita kaɗan a shekara kamar tsiron akaifa, mai zafi ya taso wanda ya huce ya yi nauyi ya nutse. Wani ɓangare na zafin ma daga uraniyom yake, irin wanda ake haƙowa a Arlit. In dutsen ya taso sama nauyin da ke danne shi ya ragu, sai kaɗan daga ciki ya narke, shi ne magma. Galibi a bakin faranti (manyan ɓangarorin da ɓawon ƙasa ya kasu) hakan ke faruwa, kamar tsakiyar tekun Atlantika ko Afar ta Habasha inda ƙasa ta tsage tsawon kilomita 60 a 2005. Mu kuwa can tsakiyar farantin Afirka muke, nesa da baki.

Ba'agadashe:
Malama a gafarce ni, to Ayar fa? Mu da idonmu mun ga baƙaƙen duwatsun Todra, ga ruwan zafi na Tafadek da mutane ke zuwa wanka don ciwon gaɓoɓi, ai ba murhu aka hura ƙarƙashi ba.

Malama Yamai:
Gaskiyarka malam, na yi gaggawa. Akwai inda manto mai zafi ke tasowa a tsakiyar faranti ya kumbura ɓawon, Ayar da Hogar ta Aljeriya da Tibesti ta Cadi duk haka ne, kuma duk sun taɓa aman wuta. Emi Kusi na Tibesti da ya haura mita 3,400 shi kansa dutsen wuta ne.

Ɗan Adar:
Na gode Malama, Allah shi saka. Yanzu na gane, bari in je in gyara zanen da na yi a kaye don jan ruwa na zana ko'ina ƙarƙashin ɓawon.